Caca, Coci da Son Matasa a Allon Auta

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Asabar da na miƙe a gaban iyayen yara a lakkol ɗin unguwarmu, wato makarantar boko, nan Malanbil ta ƙasar Benin, da babbar riga da hular zuwa Juma'a, na ɗaga guntayen kwali sama ina cewa na kama malama dumu-dumu. Har yau in hanya ta bi da ni ta ƙofar lakkol ɗin, ƙara wa babur wuta nake yi.

Bari in fara da halina, don kada ku ce an zalunce ni. Ni mutum ne mai zargi. Albasa nake sayarwa a babbar kasuwa, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san halin buhu: manya a baki, ruɓaɓɓu a ciki. Na shekara ashirin ina zura hannu cikin buhunan mutane har gwiwar hannu, to sai abin ya bi ni gida. In mutum ya gaishe ni da fara'a da yawa, sai in fara tunanin me yake nema. Matata Hadiza ta ce ko ruwan randarmu sai na leƙa kafin in sha. (Ƙari take yi. Ba kullum ba ne.)

Abu na biyu, ina da abin taƙama. Na iya karatun bokon Hausa. Ina saurayi na zauna wurin kawuna a Kamba ta Nijeriya, can na shiga ajin yaƙi da jahilci na koya. Faransanci kam, ban da na gaisuwa da na jayayya da ɗan duwan, wato kwastan, a bakin gadar iyaka, ba ni da komai. Amma a rumfarmu ni ne mai karatu. Duk wanda aka turo wa saƙon Hausa a waya daga Gaya ta Nijar ko Birnin Kebbi, ni yake miƙo wa, in gyara murya in karanta. A ganina harafi harafi ne, ko'ina ka same shi abu ɗaya yake faɗa.

Da autarmu Sakina ta cika shekara shida, na ce zan sa ta lakkol. Yayana Umaru, wanda ke noman shinkafa a Garu, ya taso musamman don ya hana. Ya ce malaman duk 'yan kudu ne, ba addininmu ɗaya ba, ba wanda ya san abin da suke zuba wa yara a kai. Na buga ƙirji a gaban iyali na ce, "Yaya, ni hwa ba makaho ba na. Duk abin da aka rubuta mata sai na karanta. Ranar da na ga abin da bai dace ba, da hannuna zan hidda ta." Ya ce ya ji, Allah ya kai mu.

Aka sa ta aji na fari. Malamarsu wata Madam Odil ce, doguwa, mai tabarau, da ɗan gicciye a sarƙar wuyanta. Ranar farko na kalli sarƙar nan na adana a raina. Ita kuwa Auta, ba ku ga murna ba. Tun ba a gama share tsakar gida ba ta rataya jakarta ta tsaya bakin zaure tana jira.

Sati biyu da farawa, na dawo kasuwa bayan la'asar na tarar da ita gindin bedi, wato darbejiya, ita kaɗai, tana lanƙwasa hannu kamar maciji tana cewa, "Sssss." Can sai ta ɗora yatsu a leɓe, "Mmmmm." Sai ta taɓa maƙogwaro, "Rrrrr." Na tsaya da babur a hannu. Na kira uwarta a hankali na ce ta zo ta gani, ko yarinyar nan ta yi gamo ne a hanyar lakkol. Hadiza ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, karatu takai. Madam ta ce kowane baƙi da kukanai, sai yaro ya san kukan kahin shi haɗa."

Kuka? Mu a Kamba a, ba, ca, da aka koya mana, kowane harafi da sunansa kamar ɗan mutunci. Ba wanda ya sa mu hucin maciji. Daga ranar na fara bincike. In Auta ta tafi makarantar allo da yamma, sai in buɗe jakarta in duba ɗan allon da suke rubutu da alli. Kwanaki ban ga komai ba sai ma me mi mo, la le li lo. Har na fara jin haushin rashin samun laifi.

Sai wata Talata na ciro allon na ga an cika shi tun daga sama har ƙasa, da rubutun Auta mai karkacewa:

ca ca ca ca

Na karanta, na goge ido, na sake karantawa. Caca! Yarinya 'yar shekara shida, wadda ko ƙirga yatsunta ba ta gama iyawa ba, an sa ta rubuta caca sahu-sahu. Na ɗauki hoton allon da waya. Za ku ce me ya hana ni kiran yarinyar in ce ta karanta mini? Na yi wannan tunanin, wallahi na yi. Amma sai na ce a'a, in na tambaye ta za ta kai wa Madam labari, Madam ta ɓoye sawu. Haka na mai da 'yar cikina ɗan leƙen asirin abokan gaba.

Kwana biyu bayan nan abin ya ci uban na farko. Wannan karon da hannun Madam kanta aka rubuta layin sama, da jan alli, Auta ta kwafa a ƙasa:

co ci co ci co ci

Na zauna a kan turmi. Coci. Ga shi ɓaro-ɓaro, ba a ko sakaya ba. Na tuna sarƙar wuyan nan, na tuna maganar Yaya Umaru, sai na ɗauki hoton wannan ma. Abin da ya fi ci mini rai, in faɗa muku gaskiya, ba lalacewar yarinya ba ce. Yadda Yaya zai kalle ni ya ce "ban gaya maka ba?" shi ya fi damuna.

Na nuna wa Hadiza hoton. Ita ba ta karatun boko ko kaɗan, amma ta fi ni hankali nesa ba kusa ba. Ta ce, "Malam, ka tahi ka tambayi matar nan mana. Ga lakkol nan bayan gida." Na ce mata ba a tambayar mai buhu ko albasarsa ta ruɓe, hannu ake zurawa. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta.

Shaida ta uku ita ta zo da kanta. Ran Litinin Auta ta dawo da wata 'yar leda cike da guntayen kwali, irin na kwalin sabulu da aka yayyanka, kowanne da kalma ɗaya a jiki. Ta shimfiɗa su a tabarma tana jerawa kamar yadda aka nuna musu, tana ta murna. Na zo na tsaya a kanta kamar mai neman takalmi. Biyun farko, mon da ton, ban gane su ba, na ce wannan sirrinsu ne. Amma huɗun da suka biyo baya, ko jariri ya karanta:

son ma ta sa

Son matasa! Inna lillahi. An gama da caca, an gama da coci, yanzu an shiga koya wa 'yata son samari. Ban san lokacin da na duƙa na kwashe kwalayen na cusa a aljihu ba. Auta ta ɗago ta ce, "Baba, nawa na, Madam ta ce in riƙa dubawa kullum." Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Na ce, "Kar in ƙara jin wannan karatun a bakinki! Zunubi na! Kin ji ko?" Ta yi tsuru, idonta ya cika, ta gudu ɗakin uwarta.

Washegari na ce ba za ta je lakkol ba. Haka Laraba, haka Alhamis, haka Juma'a. Kullum da safe sai ta rataya jakarta ta tsaya bakin zaure, sai uwarta ta je ta jawo ta. Hucin maciji ya ɗauke daga gidanmu ɗif. Ni kuwa ina jin kaina jarumi. Da na ji an kira taron iyayen yara ran Asabar, sai na ce Allah ya kawo. Na buga wa Yaya Umaru waya na ce ya zo ya ga yadda ƙanensa ke aiki. (Kun ga, da ban kira shi ba, da labarin bai kai Garu ba. Ni na aika wa abin kunyata da babur.)

Ranar Asabar an jera bencina a inuwar bedin lakkol, maza gefe, mata gefe. An fito da babban allo an jingina da itace, an zaunar da 'yan aji na fari a tabarmi don su nuna wa iyaye abin da suka koya. Na hango Hadiza cikin mata da Auta a jikinta, ban ce su zo ba, amma na ce ba laifi, su ga ƙarshen abin. Darakta, shugaban lakkol ɗin, wani dattijo ɗan garin nan, ya yi bayani da yaren Dendi, ya maimaita da Hausa, kan katanga da rijiya da yara masu makara. Da ya ce ko akwai mai magana, kafin ya rufe baki na miƙe.

Na yi sallama, na gyara babbar riga. Na ce ni ba mutum ne mai son fitina ba (Allah ya yafe mini). Na ce yawancin iyayen da ke nan ba su karatu, shi ya sa ake cin amanarsu, amma Allah ya sa a cikinsu akwai mai ido. Na ɗaga waya na ce, "Na ɗaya, caca!" Na nuna hoto na gaba. "Na biyu, coci!" Aka fara salati, Yaya Umaru yana gyaɗa kai. Sai na zaro kwalayen na ɗaga su ɗaya-ɗaya. "Na ukku, ku ji da kunnuwanku: son, ma, ta, sa. Son matasa! Ɗiyan shekara shidda!" Wata mata ta dafe ƙirji ta jawo 'yarta daga tabarma. Na juya wajen darakta na ce ya fassara wa Madam, ta ba mu amsa.

Madam Odil ta miƙe ta cire tabarau ta ce, "Ba sai an fassara ba, Baban Sakina. Shekarata goma sha ɗaya garin ga, wurinku nake sayen albasa." Da Hausa. Hausa tas, har da karin harshenmu.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi wayata ta duba, ta ɗauki alli ta rubuta ca ca ca a babban allo, ta nuna da sanda ta ce, "Yara?" Yara sama da hamsin suka kwatsa gaba ɗaya: "Ka! Ka! Ka!" Ta rubuta co, suka ce, "Ko!" Ta rubuta ci, suka ce, "Si!" Ta juyo ta yi wa iyaye bayani a hankali, cewa wannan harafin a Faransanci kuka biyu gare shi, in ya haɗu da a ko o sai ya ce k, in ya haɗu da i sai ya ce s, shi ya sa take jera su kusa da juna don yara su ji bambancin. Ta ce, "A Hausar boko na shika cewa ca. Nan ba Hausa muke karantawa ba."

Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta ɗaga murya daga cikin mata ta ce, "Ashe kaka aka rubuta! Mu na aka sa cikin littahi, shi ko ya ce caca!" Aka fashe da dariya. Ni dai ina tsaye, ina jin hulata ta yi mini nauyi.

Da sauran ƙarfina na ce, "To son matasa hwa?" Madam ta karɓi kwalayen daga hannuna, ta ɗaga na farko. Yara suka yi wani sauti ta hanci, wai "so", amma kamar mai mura. Ta ce ma'anarsa nashi. Ma, tawa. Ta, taka. Sa, tashi. Ta ce waɗannan ƙananan kalmomi ne da ke fitowa a kowane shafi, ba a son yaro ya tsaya haɗa su baƙi-baƙi, so ake da ya gan su ya gane su kamar yadda yake gane fuskar uwarsa. Shi ya sa ta zauna ta yanka wa kowane yaro nasa, ya tafi da su gida.

Dariyar da aka yi a wurin nan, na tabbata an ji ta a Gaya, can ƙetaren kogi. Wani abokin sana'ata ya faɗo daga benci yana riƙe ciki yana cewa, "Son matasa! Wayyo Allah, son matasa!" Na waiwaya neman Yaya Umaru ko zai tsaya mini, sai na gan shi ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Mutumin da ya zuga ni!

Da a nan abin ya tsaya, da na ce kunya ce irin wadda ake sha a wartsake. Amma sai Madam ta hango Auta ta ce, "Sakina, kwana huɗu ban gan ki ba. Zo ki karanta muna, ke da kin hi kowa iya wannan." Auta ta taso a hankali ta tsaya gaban allo. Madam ta ɗaga kwali. Shiru. Ta sake ɗagawa. Yarinyar ta kalli kwalin, na ga leɓenta ya motsa, ta san shi sarai, sai ta juyo ta kalle ni. Ta ce da 'yar muryarta, "Baba ya ce zunubi na."

Dariya ta ɗauke. Wallahi ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokacin ba. Yarinya tana son abu, ta iya shi, ni ubanta na sa mata tsoron Allah a kan kalmar da ke nufin "tawa". Madam ta miƙo mini kwalayen ta koma gefe.

Na taka na je na durƙusa gaban 'yata, da babbar riga da komai, a cikin ƙasa. Na ce, "Auta, ba zunubi ba na. Ni na yi kuskure, ban iya ba. Karanta." Ta dube ni, ba ta yarda ba. (Zargin nan dai gado ne, na gani da idona.) Ta ce, "To kai ma ka ce."

Na ce me zan ce? Ta nuna allo. Haka na juya, ni mai karatun rumfar albasa, na ce, "Ka. Ko. Si." Ta ce saura kwali. Na ɗaga na farko na ce, "Son." Ta girgiza kai ta ce, "A'a Baba, ba a hwaɗin na ƙarshen, ta hanci za ka yi." Na gwada, ya fito kamar kukan tinkiya. Ta kai hannu ta matse mini hanci ta ce in sake. Na sake. Sai da na yi sau biyar a gaban iyayen unguwa kaf kafin ta ce, "Ya ɗan yi." Sannan ta karɓe kwalayenta, ta juya ta karanta su tas ba ko tsayawa, aka yi mata tafi.

Bayan an tashi na je ba Madam haƙuri, ina ta inda-inda. Ta ce ba komai, ta ma ji daɗi da akwai uban da ke buɗe jakar 'yarsa, yawanci ba su dubawa. Ta ce in na ga wani abu gaba, ƙofar aji a buɗe take. Yaya Umaru kuwa ya hau babur yana share hawayen dariya ya ce a bar yarinya ta yi karatunta, tunda dai ta fi ubanta. Litinin da safe ni na kai ta da kaina, na ajiye ta nesa da ƙofa kaɗan.

Kafin azahar ta ranar taron, labari ya zagaye kasuwa. Yau shekara uku ke nan, amma daga masu dako har direbobin Nijar da ke lodin albasa, ba mai kirana da sunana. Son Matasa suke ce mini, har wani baƙo ya taɓa tambayata ko ƙungiyar samari nake shugabanta. Ana dai miƙo mini waya in karanta saƙo, sai dai wani shaƙiyyi ya kan ce, "Duba da kyau, ko Faransanci na."

Abin da na koya? Ban daina zargi ba, kada in yi muku ƙarya, jiya ma sai da na zazzage buhu biyu. Amma yanzu in na ga rubutun da ya tayar mini da hankali, kafin in sa babbar riga in tara jama'a, nakan kira Auta in ce ta karanta mini. Takan karanta, ta gaya mini ma'anarsa, wani lokaci ta ƙara da cewa, "Baba, wannan ma ba zunubi ba na."